Wa ke riƙe da hannunka ranar kasuwa?

Wannan jawabi ne da ma'aikacin jaridarmu ya yi gaban ɗaliban karatun manya, maza da mata. Mun buga shi don a karanta a kowace cibiya, a kuma yi mahawara bisa kansa.

   

Yau maganar aljihu na kawo maku. Kowa nan ya san wahalar da ya sha kafin kuɗi su shigo hannunsa. Wani wake ya saida, wani tunkiya. Wata ƙuli-ƙuli ta kwana tana soyawa. Wani cin rani ya tafi Legas ko Agadas. Shigowar kuɗi, kowa yana iya ba da labarinta dala bayan dala. To, fitarsu fa? Ka tambayi mutum ina kuɗin wakensa suka shiga, sai ya buɗe hannuwa ya ce : « Wallahi ban sani ba, narkewa suka yi. » Ai kuɗi ba man shanu ba ne. Akwai inda suka tafi, kuma akwai wanda ya nuna masu hanya.

Bari in yi maku tambaya. Abin nan da nake rubutu da shi, mene ne sunansa? Bik. Garin sabulun da ake wanki da shi fa? Omo. Ɗan dunƙulen da ake jefawa cikin miya? Magi. Ganyen shayi mai zare? Liptan. Madalla. To, ku sani duka huɗun nan sunayen da masu kamfani suka laƙa wa kayansu ne : Bic, Omo, Maggi, Lipton. Yau ko wani kamfani dabam ne ya yi dunƙulen, mu dai magi muke ce masa. Sunan mai kaya ya shiga bakinmu, ya zauna, har ya zama Hausa. Ɗiyanmu ba su ma san baƙo ne ba. Aikin talla ke nan in ta yi kyau.

Talla kuwa mun san ta tun kaka da kakanni. Yarinya ta ɗauki tire tana kiran fura ko ƙosai ƙofa ƙofa. Dillali yana shafa bayan sa yana rantsuwa bai taɓa ciwo ba. Mai kaya bai taɓa kushe kayansa ba, kuma ba wanda ya ce ya kushe. Amma mai fura mun san gidan uwarta. In furar ta yi tsami, gobe ba mu saye, har ma a aika mata da magana. Mai tallar zamani yana nesa. Bai san sunanka ba, amma ya san halinka. Yana da ma'aikata waɗanda ake biya albashi don su gane me ke faranta maka rai, me ke ba ka kunya, kuma dala nawa ke cikin aljihunka da safe.

Mu tsaya kaɗan bisa magi, don babu gidan da bai shiga ba. Wani mutumin ƙasar Suwis mai suna Julius Maggi ya kafa kamfanin. An fara yin dunƙulen a 1908. A 1947 kamfanin ya haɗe da Nestlé. Akwai kuma Jumbo, daga ƙasar Sifen. Farin magi, wato Ajinomoto, a Japan aka fara saida shi a 1909. Kakanninmu mata sun yi shekaru aru-aru suna miya ba su san ko ɗaya cikinsu ba. Da daudawar kalwa suke yi, ko daudawar batso ta ɗiyan yakuwa, da ɗan kifi ko nama in an samu. Yau kuwa akwai yaran da in babu dunƙule a miya, sai su ture akushi.

Yaya aka yi haka? An shafe bangon shaguna da fenti mai ɗaukar ido. An sa waƙa a radiyo, har yara suka hardace. An je kasuwanni an dafa miya gaban mata, an ba su ɗanɗano. An raba kwanoni da riguna ga masu tebur. Kuma ku lura da abin da hoton talla ke nunawa. Ba ya gaya maka abin da ke cikin dunƙulen. Mace yake nunawa, mai tsabta, mai fara'a, maigida na lasar hannu, baƙi na yaba mata. Saƙon yana nan a ɓoye : mace ta ƙwarai da wannan take miya. Wace mace ce ke so a ce kishiyarta ta fi ta hannu?

Ban ce ku zubar da magi ba. Yana da sauƙi, ba ya lalacewa da wuri, wasu ma an ƙara masu sinadarin ayodin da na ƙarin jini. Amma a san abin da ake ci. Kusan rabin dunƙulen nan gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai garam 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda. Uwargida ta jefa dunƙule uku, ta ƙara farin magi, ta kuma ɗebo gishiri da hannu. Gishiri mai yawa yana kawo hawan jini, likitoci sun daɗe suna faɗi. Daudawa tana gina jiki. Kuma kuɗin daudawa gidan maƙwabciya suke shiga, ta sayi sabulu, ta sayi littafin ɗanta. Kuɗin dunƙule mota suke hawa su bar gari.

Yanzu ga dabarar da ta fi waƙa da fenti ƙarfi. Mai kamfani ya san ba ka da jika guda da za ka ba shi lokaci ɗaya. Sai ya yanka kayansa ƙanana ƙanana, daidai da canjin da ke hannunka. Omo na dala biyar. Madara ta dala goma. Tumatiri a ƴar leda. Sukari a ƙulli. Taba kara ɗaya. Kiredin salula na dala ashirin. Dala biyar ba ta yi wa kowa zafi. Mutumin da zai kwana uku yana shawara kafin ya sayi garma, ba ya ko ƙifta ido in zai miƙa dala ashirin. Ga talaka wannan sauƙi ne, gaskiya. Wanda bai iya sayen kilo yana samun na yau. Sai dai sau da yawa mai sayen ƙulli ya fi mai sayen kilo biya. Kada ku yarda da ni haka kawai. Ku sayi kilo guda na sukari, ku ƙulla shi kamar yadda mai tebur ke yi, ku ƙirga ƙulli nawa ya fita, ku buga da kuɗin ƙulli ɗaya.

Ku ɗauko alli da allo, mu yi lissafi tare. Misali ne kawai, kowa ya gyara shi bisa gidansa. A ce gida yana sayen magi na dala goma kullum. A rubuce 50 F ke nan. A ce maigida yana kashe dala talatin wajen shayi da sukari, wato 150 F. A ce kuma yana zuba kiredi na dala ashirin, wato 100 F. In mun tara, dala sittin a yini, 300 F. Wa zai ce dala sittin kuɗi ne? To, mu buga da kwana 30. Ya ba mu 9.000 F, jika tara a wata. Mu buga da kwana 365. Ya ba mu 109.500 F. Jika ɗari da tara da rabi a shekara! Na ga wasu sun riƙe baki. Kowa ya san kuɗin buhun hatsi a kasuwarsu bana. Ya raba, ya ga buhu nawa ne. Ya kuma tuna dami nawa gonarsa ta ba shi.

Wani abu kuma da ke rikita mu shi ne mu da dala muke ƙirga, takarda kuwa da faran take magana. Dala ɗaya faran 5 ne. In ka ga an rubuta 500 F, dala ɗari ke nan. In ka ga 2.500 F, jika biyu da rabi. Wani lokaci mai kanti ya rubuta 4.950 F da manyan lambobi. Ido ya fara cin karo da huɗu, zuciya ta ce jika huɗu ne. Alhali dala goma kaɗai ta rage ya cika jika biyar. Ba da kuskure aka rubuta shi haka ba.

Amma kada mu ɗora wa baƙi laifi duka. Hannun da ya fi matsa mana na gida ne, wato idon mutane. Talla tana shuka, mu ne ke yi mata ban ruwa.

Ku dubi shayi. Ƙasarmu ba ta noman ganyen shayi. Daga Sin ake kawo koren ganyen nan. Da can wajen Buzaye da Larabawa aka san shi. Yau babu unguwar da babu fada, samari zaune kewaye da buta da gawayi, na farko, na biyu, na uku. Zaman yana da amfani : ana jin labari, ana taimakon juna, wasu fadodi har gyaran unguwa suke yi. Sai dai in yau abokinka ya sayi ganye, gobe kai ne. In ya canza salula, taka ta tsufa nan take, ko da jiya lafiya lau take. In ya sayi moto, kekenka ya zama abin dariya. Yaro bai ga talla ba ko sau ɗaya, abokinsa ne tallar.

Iyayena mata, na zo gare ku, ku yi mani haƙuri. Anko. An sa ranar buki, an fidda zane, kowace ƙawa sai ta saya ta ɗinka. Wata guda a yi buki uku, anko uku. Akwati cike da zannuwan da sau ɗaya aka ɗaura. Wadda ba ta yi ba, a ce ba ta da zumunci, ko a ce mijinta ya gaza. Mai saida atamfa ya san haka sarai. Shi ya sa sabon zane ke fitowa gab da salla, da sabon suna mai daɗi ko mai habaici. Ta Holan ta Vlisco tana da tsada, shaddar Getzner daga ƙasar Ostiriya take zuwa, ita ma haka. Wadda ba ta iya su, ga kwaikwayonsu daga Sin. An yi wa kowane aljihu nasa tarko. Kayan ɗaki ma haka suke tafiya. Kakanni sun yi jere da ƙorai. Uwaye suka yi da tasoshi da kwanonin sha masu fure. Yau sai kuloli da gado da kabad da tele. Uwa ta saida akuyoyinta, har a jinginar da gona, don kada a yi wa ɗiyarta gori ranar da mata suka zo ganin ɗaki. Maza, kada ku yi dariya. Ragon layya da kuke ɗaurewa ƙofar gida don masu wucewa su gani, shi ma anko ne mai ƙafa huɗu.

Zumunci wajibi ne, ba ni ne zan raba ku da shi ba. Gudummawar buki ta rufa wa mutane da yawa asiri. Tambayata guda ce : a cikin kuɗin da aka kashe, nawa ne ya shiga hannun amarya ko mai jego, nawa ne ya tafi wajen mai kanti?

Idon mutanen nan kuma yana iya tura mu wajen alheri. A 1991, cikin jihar Maradi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da mata bisa tsarin asusu da ake kira Mata Masu Dubara. Mata su taru kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanke, a rufe akwati, a riƙa ba juna rance. Tsarin nan daga ƙasarmu ya tashi, ya bazu ƙasashe da yawa na Afrika da wajenta. Me ke sa mace ta kawo zubinta ko da ranar ba ta da yalwa? Kunyar ƴan uwanta. Ita ce dai kunyar da ke sa ta yin anko. A wuri ɗaya tana zuba kuɗi cikin akwatinta, a ɗayan tana kwashe su. Shi ya sa nake ganin gyaran anko ba aikin mace ɗaya ba ne. Wadda ta ƙi ita kaɗai, za a ci namanta. Amma in matan asusu ashirin ko talatin suka haɗa baki suka ce anko ɗaya a shekara ya isa, wa za a yi wa gori?

Sai salula. Kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001. A 2008 ya koma Zain, a 2010 ya koma Airtel. Orange ta zo a 2008, daga baya ƴan kasuwa suka saye ta, ta zama Zamani. Ga Moov, ga Niger Telecom. Manya cikinku sun tuna lokacin da in kana son sanin kuɗin hatsi a Maradi ko Damagaram, sai ka shiga mota ko ka jira matafiyi. Wata malamar jami'a daga Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasarmu daga 2001 zuwa 2006. Ta ga cewa inda salula ta iso, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili a fili yake : kafin a ɗora kaya, ana kira a ji inda ya fi. A 2009 da 2010 kuma, cikin jihohin Dosso da Damagaram, an gwada koyar da karatun manya haɗe da salula. Ɗaliban da suka koyi rubuta saƙo da ita sun fi sauran ci gaba wajen karatu da lissafi. Yau ɗanka yana aiko maka kuɗi daga nesa ta Nita ko Amana, ka karɓa yini guda. Mace tana cikin gidanta tana ɗaukar hoton turare ko zanen gado, ta sa a WhatsApp, masu saye su kira ta. Ba ta buƙatar fidda ɗiyarta daga lakkwal don ta ɗauki tire. Wannan duka alheri ne.

Amma ku gane cewa masu yin salula ma sun karanta mu. Tecno da Itel na wani kamfani ne na ƙasar Sin mai suna Transsion. Sun lura muna canza layi don biɗar rezo da sauƙin kira, sai suka yi waya mai ɗaukar layi biyu. Sun lura ƙauyukanmu babu kuran, sai suka sa batir mai daɗewa. Sun lura hoton baƙin mutum yana fita duhu, sai suka gyara kamara. Wanda ya san ka haka, ba ya rasa hanyar aljihunka.

Da can kasuwa sau ɗaya take ci a mako. In ta watse, sha'awa ta kwanta sai wani mako. Yanzu kasuwa tana cikin aljihu, kuma ba ta tashi. Da dare kana kwance tana kiran ka. Saƙo ya shigo : zuba kaza a ba ka gyara kaza. Gyara mun san ta wajen mai goro da mai nama. Amma mai nama bai taɓa cewa sai ka cinye gyararka kafin gobe ba, in ba haka ba ya karɓe. Gyarar kiredi tana da wa'adi. Don kada ta wuce, sai ka yi ta kiran mutane kana tambayar su ina gajiya sau uku.

Samari masu Facebook da TikTok, ku saurara. Ba ku biyan kuɗin shiga, mega kawai kuke saye. To, da me masu su ke ci? Da talla. Kusan duk kuɗin kamfanin da ke da Facebook daga talla suke fitowa. Na'urarsu tana lura da hoton da ka tsaya a kai, da wanda ka wuce, da wanda ka maimaita. In ka tsaya bisa takalmi yau, gobe takalma za su yi ta biyo ka. Ka ɗauka zuciyarka ce ta so, alhali an yi ta kawo maka shi ne har ka saba. Kuma da yawa daga fitattun da kuke gani suna yabon wani sabulu ko wani magani, biyan su aka yi. Fuskar da ke sheƙi a hoto, sau da yawa wayar ce ta wanke ta. Yarinya ta gani, ta je ta sayi man bilicin. Irin man nan wasu suna ɗauke da sinadarai masu cin fata, wasu har ƙoda suke taɓawa. An fara saida mata ƙyamar fatarta, sannan aka saida mata mai.

Haka mai lasifika a kasuwa, wanda ƙwaya ɗaya tasa ke maganin basir da ciwon baya da shawara da rashin ƙarfi. Ya koma cikin waya shi ma, yana aiko murya. Wanda ba shi da lafiya ya tafi likita. Akwai kuma ɓarayi tsantsa. A kira ka a ce ka ci tambola, aiko da kuɗin takarda a turo maka miliyan. Tambolar da ba ka shiga ba, yaya za ka ci ta? Lambar sirri ta asusunka kuwa, kada ka faɗa wa kowa a waya, ko da ya ce daga kamfani yake.

Ku da kuka fara karatu, akwai abubuwa biyu bisa kowane gwangwani da kowace leda waɗanda mai talla ba ya rera wa waƙa. Ƙanana ake rubuta su, sai an biɗa. Na farko nauyi : lamba da harafin g, wato garam. Leda biyu suna iya zama girma ɗaya, ɗaya 400 g, ɗaya 350 g. Na biyu ranar lalacewa. Sau da yawa za ku ga EXP, sai wata da shekara. In an rubuta 03/2024, bayan ƙarshen watan uku na 2024 kayan sun wuce lokacinsu. In kun ga an karya kuɗin madara ko biskit ƙwarai, ku juya gwangwanin ku dubi ranar kafin ku yi murna.

Ga aikin da zan bar maku. Daga kasuwar nan zuwa kasuwa mai zuwa, kowa ya ware shafi guda cikin littafinsa. Ya ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida huɗu. Gida na farko, rana. Na biyu, abin da aka saya. Na uku, kuɗinsa, ko da dala ɗaya ce. A gida na huɗu ya sa harafi guda : B in buƙata ce ta sa shi, K in kunyar mutane ce, T in talla ya ji ko ya gani. Wani abin zai ɗauki harafi biyu, ba laifi. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ya zana abin, ya ja sanduna a madadin daloli. Maigida ya yi nasa, uwargida ta yi nata, kuma ba a ce wani ya leƙa na wani ba. Ku zo mana kuma da ledoji da gwangwanayen da kuka gama da su, a wanke, mu karanta nauyinsu da ranakunsu tare. Malaminku zai tara lissafin bisa babban allo ba tare da faɗin sunan kowa ba. Cibiyar da ta gama nata, ta aiko wa jarida, za mu buga don sauran garuruwa su gwada da nasu.

Yanzu wanda ke da tambaya ko gardama ya ɗaga hannu. Mu fara da ɓangaren mata.